Sakan Goma Sha Ɗaya a Tashar Ekbro

Kun cika min akwatin saƙo da tambaya ɗaya tun ranar Talata: wai Malin, me ya sa kika cire hoton zobe, ina aka kwana a maganar biki? Wata ma cewa ta yi ko ciki ne ya bayyana. Ba ciki ba ne, 'yar uwa, kwantar da hankalinki. Ku gyara zama ku ji, amma wanda ya zo neman abin dariya ya yi haƙuri, yau raina a ɓace yake kuma ba zan ɓoye ba.

Ga sababbin zuwa: sunana Malin, shekarata ashirin da tara, ina aiki a ofishin tsara jadawali na kamfanin jiragen ƙarƙashin ƙasa na garinmu. Wanda aka buga katin bikina da shi sunansa Rasmus, direba ne a layin da nake hawa. Saura mako shida a ɗaura mana aure, ranar bikin tsakiyar bazara, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa a ƙasar nan tamu ta Suwidin.

Ni Allah ya yi ni da makara. Kun kuwa san irin abin kunyar da wannan yake a nan, inda baƙo zai iso ƙofar gidanka saura minti uku, ya tsaya cikin ƙanƙara yana kallon agogo don kada ya ƙwanƙwasa kafin lokaci. Jirgina na safe yana tsayawa a Lunda, tashar unguwarmu, ƙarfe bakwai da minti arba'in da biyu. Kullum ina saman matakala nake jiyo shigowarsa, in kwasa da gudu, gashi a jiƙe, safar hannu ɗaya a hannu ɗaya a baki. Kullum kuma sai in tarar da ƙofa a buɗe. Da farko na ɗauka sa'a ce. Sai wata safiya na ɗaga kai na kalli ƙaton madubin da ke ƙarshen dakalin tasha, wanda direba ke duba fasinja da shi kafin ya rufe ƙofa, na ga wani mai jan gemu ya ɗaga min yatsu biyu yana murmushi.

Wata goma sha huɗu yana min haka. Da muka fara fita shan gahawa ya ce min, "Kin san a madubin nan ƙafafu ake fara gani? Rufin matakala yana tare saman mutum sai ya kusa saukowa. Ni ƙafafunki na fara so." Na yi dariya har na ƙware. Ku riƙe maganar nan, za mu dawo kanta.

Labarin ya zama na dangi gaba ɗaya. Mama ba ta da wata hira a coci sai ta yaron da ke tsayar da jirgi guda saboda 'yarta. Har hoton ɗan jirgi ta sa aka buga a katin gayyata.

To, bana kamfani ya ɗauko aikin da aka daɗe ana yi wa mutanen gari alkawari. Yanzu da safe duk minti biyar jirgi ke zuwa, mutane a cunkushe, hancin wani a hammatar wani. Daga wata mai zuwa ana so ya riƙa zuwa duk minti uku. Ba sabon rami za a haƙa ba. Daga sakan-sakan za a tsinto lokacin: kowane jirgi ya tsaya sakan ashirin da biyar a tasha, ya rufe ƙofa, ya ba na bayansa wuri. Idan guda ya ƙara sakan goma, na bayansa sai ya taka burki a cikin rami, na bayan wancan ma haka, kafin ƙarfe takwas layin duka ya cakuɗe.

Shugabar ofishinmu, Hedvig, wata doguwar mata mai furfura da ba ta dariya sai ranar Juma'a, ita ta ɗora min aikin.

"Kowane jirgi yana rubuta sakan ɗin da ƙofarsa ta buɗe da wanda ta rufe," in ji ta. "Ki tono min na shekara shida. Ina son lambobin direbobin da jan ƙafa ya zame musu jiki. Litinin, ƙarfe tara."

"Me za a yi musu?"

"Gareji."

Gareji kuwa can bayan gari yake, inda ake tura jiragen da ba kowa a ciki zuwa wurin wanki. Ba fasinja, ba tasha, ba madubi. Rasmus ya taɓa ce min da a kai shi can gara ya koma sayar da tsiran alade a bakin titi.

Hedvig ta dube ni ta saman tabarau. "Na san wa za ki aura. Idan akwai lambar da hannunki ba zai iya rubutawa ba, faɗa min yanzu in ba wani. Amma idan kika karɓa kika ɓoye min wani, ke za ki kwashe kayanki daga teburin nan."

Na ce mata ba komai, har da murmushina. Ai a sanina Rasmus ya daina jiran kowa tun bara.

Ranar Alhamis da hantsi sai wani tunanin soyayya ya zo min, irin na marasa wayo. Na ce bari in nemo lambarsa, 4417, in buga shafin da ke nuna jiran da ya yi min a takarda mai kyau, in sa a firam in ba shi ranar biki. Wace amarya ce ke da shaidar soyayya daga kwamfutar kamfani? Na danna, ga shi kuwa: Lunda, bakwai da arba'in da biyu, ƙarin sakan takwas, kullum, wata goma sha huɗu. Idona har ya kawo ruwa. Na bi layin ƙasa ina neman ranar da jiran ya tsaya. Tara ga Fabrairun bara.

Kwanan watan ya tsaya min a rai. Na zare zoben hannuna na karkata shi wajen taga, don kun san a cikin zoben baiko ake sassaƙa suna da rana. *Rasmus, 8 ga Fabrairu.* Wato ranar takwas na ce na yarda, ranar tara ya daina jira na. Na ma tuna safiyar. Na sauko da gudu ina ɗaga masa hannun mai zobe, ƙofa ta rufe a gaban hancina. Da yamma ya ce, "An fara sa mana ido, Malin, ki riƙa fitowa da wuri." Ni kuwa baiwar Allah na sayi agogo mai ƙararrawa biyu, na koyi busar da gashi tun daren jiya, ina alfahari wai soyayya ta shirya ni.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Amma sai idona ya sauka a wani layin na gefe. Ekbro, tasha huɗu kafin tawa, bakwai da talatin da ɗaya. Ƙarin sakan goma sha ɗaya.

Na koma baya. Yana nan kafin ya san ni. Yana nan duk watannin da yake ɗaga min yatsu biyu. Yana nan ranar da ya sa min zobe, da washegari, da ranar da muka je duba coci. Yana nan safiyar wannan Alhamis ɗin. Shekara shida, kowace ranar aiki, ba takwas ba, ba goma ba, goma sha ɗaya cif. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa bai taɓa yarda a canza masa jirgin safe ba, har hutun bazara yake musanyawa da abokan aiki don ya riƙe shi. Kuma a duk layin ba wanda ya kama ƙafarsa wajen jinkiri. Lambar mijin da zan aura ita ce ta farko a jerina.

Jama'a, ku lissafa da kanku. Kafin jirgin ya iso wurina ya riga ya gama jiran wata. Ashe ragowar jira nake samu ina ta rawar kai.

Waya ta yi ƙara, saƙonsa ne: *Yau miyar wake ce a gidan Mama ko? Ki ɓoye min fanke biyu kafin Kawu ya share faranti.* Na kife wayar ban amsa ba.

Alhamis a gidan Mama ba ta canzawa tun ina yarinya: miyar wake mai kauri da mustad, wani kwaɓaɓɓen yaji ruwan ɗorawa, a biyo da fanke da jam. Na hau bene hawa uku, na cire takalmi a bakin ƙofa, na tarar da falon ya zama shagon tela. Rigar amarya tana rataye a ƙofar ɗakin kwana cikin leda, fara sol, dogon hannu, da ƙananan maɓallai talatin da biyu a baya waɗanda Mama ta ɗinka da hannunta. A kan teburin taga, tsakanin tukwanen furanninta, ga akwatin katako da kambun azurfa na cocinmu a ciki, wanda ake ara wa amare. Ita ma shi ta sa a nata bikin.

"Kin makara minti huɗu," in ji Mama. "Wanke hannu. Ga takalmin bikin nan ya iso, ki tafi da shi ki riƙa sawa zuwa aiki ya saki, kada ki je kina ɗingishi a gaban fasto."

Kawu Sune, yayan Mama, yana zaune ya ɗaura tsumma a wuya. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa jirgi a layin nan kafin ya yi ritaya, kuma shi ya koya wa Rasmus aiki. Ya ce, "Ga mai ƙirga sakan ta iso! Yaya, kun gama mayar da mu injin ɗinki? Minti uku! A zamaninmu mutum yana jiran jirgi har ya yi aboki."

Na bari sai da ya kai cokali na uku baki.

"Kawu, wa ke hawa a Ekbro bakwai da rabi?"

Cokalin ya tsaya. Bai kalle ni ba, Mama ya kalla. Ita kuma ta hau goge teburin da ba abin da ya zuba a kai. Nan na gane ni kaɗai ce baƙuwa a gidan.

"Ba kowa," in ji Kawu a hankali. "Ba wanda ke hawa."

"To wa yake jira?"

"Sune, ci abincinka," in ji Mama.

"A'a, Gunnel, tunda ta gani a takarda ai sai a faɗa mata." Ya ajiye cokalin. "Sunanta Tilda. Ma'aikaciyar jinya ce, a Ekbro take hawa zuwa asibiti. Ita ma mai makara ce irinki. Sun yi baiko da Rasmus, har an tsayar da rana. Wata safiya ya buɗe ƙofa, ba ta sauko ba. Bayan kwana uku zobensa ya iso ta gidan waya."

"Mutuwa ta yi?"

"Ina fa! Tana can ƙasar Nowe da mijinta da 'ya'ya biyu."

Allah ya yafe min, na so a ce mutuwa ta yi. Da na san yadda zan kai fure kabarinta in riƙe mutuncina. Amma mace tana can tana soya wa 'ya'yanta kifi, ko sunan tashar ta manta, ni ina nan ina gasa da ita ina shan kaye.

"Kuma kun sani," na ce. "Ku biyun."

"Duk direbobin layin sun sani," in ji Kawu. "Na bayansa ma rage gudu yake tun daga nesa, don ya san sai ya jira. Ba wanda ya taɓa kai ƙara. Ba a taɓa wa mutum irin wannan wurin."

Mama ta jefa tsumman a tebur. "Malin, sakan goma sha ɗaya fa ake magana. Sakan! Kafin ki ɗaura igiyar takalmi ya wuce. Yaron nan ba ya sha, ba ya zagi, shi ya gyara min famfon banɗaki. Ubanki shekara ashirin muka yi, ko ƙofar gida bai taɓa riƙe min ba, na mutu?"

"Ai shi ya sa kika rabu da shi."

"Kada ki yi min rashin kunya a kan abincina. 'Yan uwa daga arewa sun shirya tafiya, matan coci sun raba wa kansu kek ɗin da kowa za ta gasa. In ce musu me? An fasa saboda ƙofar jirgi?" Ta matso ta dafa kafaɗata, muryarta ta sauka. "Ki goge lambar, 'yata. Ke ke riƙe da takardar, wa zai sani? In aka jefa shi gareji da hannunki, ba zai taɓa yafe miki ba. Ki yi aurenki, ki haihu, zai daina da kansa."

"In Hedvig ta gano, ni za a kora."

"Aiki ai ana samun wani."

Kun ji fa. Uwata ce, wadda ta yi kuka ranar da na samu aikin nan. Ta sa na gwada rigar duk da haka. Na tsaya gaban madubi tana ɓalla min maɓallai ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana cewa na yi kyau da baki cike da fanke, ni kuwa abin da nake yi a zuci ƙirga ne: ɗaya, biyu, uku, har goma sha ɗaya. Ku gwada yanzu ku ji. Yana da tsawo idan kana kallon matakalar da ba kowa a kai.

Ban tare shi ba sai Asabar da rana, a ɗakin wanki na ƙasan benenmu, don mu ke da layi daga ƙarfe biyu zuwa biyar kuma a gidan nan ko gobara ake ba ka barin layin wankinka. Yana ninke zanen gado yana fito. Na shimfiɗa takardar a kan inji, na sa yatsa a layin Ekbro.

Ya daɗe yana kallo. Kunnuwansa suka yi ja.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Jirginka."

"Malin, ba abin da kike zato ba ne. Ba na kiranta, ba ni da lambarta ma. Hannu ne kawai ya saba. In buɗe ƙofa, in kalli matakala, in ƙirga, in rufe. Shi ke nan."

"Shekara shida hannu bai gaji ba?"

Ya koma kan zanen gadon yana daidaita gefensa.

"To ni me ya sa hannun bai saba da ni ba? Washegarin zobe ka rufe min ƙofa a fuska."

Ya ɗago da mamaki na gaskiya, wallahi ba wasa a idonsa. "Ke ai kina nan," in ji shi. "Me zan jira?"

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Injin wanki yana ta juyawa da rigunanmu a haɗe, ni kuma na rasa inda zan sa idona. Shi bai ma san ya faɗi wani abu ba, ya miƙo min gefen zanen gado wai in kama mu ninke.

Na kama. Kada ku tambaye ni dalili, son mutum ba ya fita rana ɗaya. Muka ninke, muka haɗu a tsakiya, na ce masa, "Litinin ƙarfe tara zan miƙa jerin. Lambarka ce a sama. Gareji za su kai ka."

Fuskarsa ta canza. "Ba za ki yi min haka ba."

"Ba na so in yi. Ga abin da nake roƙo, abu ɗaya. Ranar Litinin, a Ekbro, ka rufe ƙofa a kan sakan ashirin da biyar. Rana ɗaya tak. In ka yi, zan cire lambarka, in ɗauki kasadar korata a kaina, kuma ba zan sake ambaton sunan matar nan ba har mu tsufa."

"Wannan ne kawai?" Ya yi 'yar dariya, ya sumbaci goshina. "Na yi miki alkawari. Ashirin da biyar. Ki duba kwamfutarki ki gani."

Lahadi ya dafa min ƙwallon nama da dankali, ya wanke kwanuka, ya kira Mama suka sha hira a kan kujerun coci. Mama ta turo min saƙo: *Kin gani? Namiji sai da lallashi. Kin fara sa takalmin?* Na shirya rahotona kashi biyu a waya, ɗaya da 4417, ɗaya babu. Har addu'a na yi a kan na biyun.

Ya ce in duba kwamfuta. Amma ni da idona nake son gani. Litinin ya fita tun biyar kamar kullum. Ni kuma na sa doguwar rigar ruwa, na ɗauki agogon ƙirga sakan na ofis, na zura farin takalmin biki mai tsini da Mama ta dame ni a kai, wanda Rasmus bai taɓa gani ba. Na hau bas zuwa Ekbro. Karo na farko a rayuwata na isa wuri saura minti ashirin.

Tsohuwar tasha ce, matakala ɗaya doguwa mai rufi. Daga sama, ta tsakanin ƙarafunan baranda, ana hango rufin jirgi da bakin ƙofofinsa. Na tsaya a nan, takalmi yana cizon ɗan yatsana, mutane suna wuce ni da kofunan gahawa.

Bakwai da talatin da ɗaya jirgin ya shigo. Ƙofofi suka buɗe, na danna agogo.

Goma. Mutane suna shiga. Goma sha takwas, dakali ya zama wayam. Ashirin da biyu. Na ce a raina, rufe, Rasmus, don Allah rufe. Ashirin da huɗu. Ashirin da biyar.

Ashirin da shida.

Ashirin da takwas. Talatin. Ƙofofin nan a buɗe, ba mai shiga, ba mai fita.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Wataƙila so na yi ko sau ɗaya a ce matakalar nan ta kawo masa wani, ya ga wadda ke zuwa in an jira. Na kwasa da gudu. Takalmin yana ƙwas-ƙwas-ƙwas a kan dutse, tashar duka tana amsawa, ina riƙe da ƙarfen gefe don kada in faɗi. Agogo yana hannuna, ina gani. Talatin da shida, inda ya saba rufewa shekara shida, ya zo ya wuce. Bai rufe ba. Arba'in. Arba'in da biyar. Na gaya muku ƙafafu ake fara gani a madubin. Ya ga ƙafafun mace cikin takalmin da bai sani ba suna saukowa da gudu a Ekbro, bakwai da rabi na safe.

Da na fito daga ƙarƙashin rufin sai na gan shi. Ya bar madubin ma, ya buɗe tagarsa ya leƙo har kafaɗa. Jama'a, na san fuskar mutumin nan shekara uku. Na gan shi ranar da na ce na yarda, na gan shi ranar da ƙungiyarsu ta ƙwallo ta ci kofi. Ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Bakinsa a buɗe, idonsa fal hawaye, farin ciki kamar na yaron da uwarsa ta dawo daga doguwar tafiya.

Sai ya ga ni ce.

A gaban idona abin ya mutu. Ba fushi ba ne, ba tsoro ba ne, da ma su ne. Irin kallon da kake yi wa mai kawo wasiƙa ne in ya miƙo maka ta maƙwabci. Saura taku uku tsakanina da ƙofar tarago na farko. Ya mayar da kansa ciki. Ƙararrawa ta yi ƙara, ƙofofi suka haɗe, jirgin ya ja.

Na danna agogo. Hamsin da biyu.

Can cikin rami ina hango fitilun jirgin baya, ya tsaya cak yana jiran a ba shi wuri, da ɗaruruwan mutane a ciki waɗanda ba su san Tilda ba, ba su san ni ba, za su makara aiki saboda mu. Na zauna a benci na cire takalmin. Ɗan yatsana ya fashe, jini ya ɓata farin cikinsa. Ban yi kuka ba, kada ku ce na yi. Waya kawai na ciro.

Saƙon Mama yana jira na: *Yaya takalmin, ya fara saki?* Rasmus kuwa ba shi da damar taɓa waya sai ya kai tashar ƙarshe, takwas da minti biyar. Rabin awa nake da shi kafin a fara kira na ana ba ni haƙuri, Mama ta ɗauko maganar matan coci, Kawu ya ce ba a taɓa wa mutum irin wannan wurin. Na san kaina. In na ji muryarsa zan iya sake kama gefen zanen gado.

Na buɗe rahoton farko, mai 4417 a sama. Na ƙara layi ɗaya a ƙasa: *Ekbro, yau, sakan hamsin da biyu, na auna da hannuna.* Na tura. Na zare zoben na jefa shi cikin takalmin, na shiga jirgin baya, safa kawai a ƙafata. Direban ko kallona bai yi ba, ya rufe ƙofa a kan ashirin da biyar daidai.

Ba mu kai Lunda ba amsar Hedvig ta shigo: *Na gani. Hamsin da biyu? Wa yake jira haka?*

Na rubuta mata: *Ba ni ba.*